Gwajin da Nazeer Bai Yi Ba

Kwana arba'in da biyu da rasuwar Nazeer, malamarsa Farfesa Zaituna ta zo gidansu a Soron Ɗinki. Mota ba ta shiga lungun, sai ta ajiye ta a bakin titi ta tako da ƙafa, tana tafe tana tambaya har aka nuna mata gidan Hajiya 'Yardada mai raguna. Ta riga ta zo gaisuwa tun ranar uku, amma a lokacin cikin ayarin malaman jami'a ta zo, ba ta riƙe hanya ba.

Ta tarar da Hajiya 'Yardada a rumfar ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, 'yarta Bahijja kuma tana tsince shinkafa. Bahijja ita ce ke bin Nazeer. Tana aure a Sheshe, tana kuma aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha, amma tun da aka yi rasuwar kullum ta tashi daga aiki nan take biyowa, sai an yi magariba ta tafi gidanta.

Bayan gaisuwa da addu'a, Farfesa ta fito da wata takarda daga jaka.

"Hajiya, maganar aikin marigayi ce ta kawo ni. Kafin azumi mun aika da sakamakon bincikensa wata mujalla ta masana. Sun duba, sun ce abin ya ba su sha'awa. Gwaji ɗaya kawai suka nemi a ƙara kafin su buga. In an buga, zan kai maganar gaban hukumar makaranta, a ba shi digirinsa ko da ba ya nan."

Hajiya ta ce, "Sunansa za a rubuta?"

"Sunansa ne a farko."

"To Malama, me ake jira?"

"Dole a kan kayansa za a yi, a inda ya yi nasa, a soron gidan nan. Na san Bahijja ta san aikin awo, shi ya sa na zo da kaina."

Bahijja ta ajiye farantin shinkafa. Tun ranar da aka fitar da yayanta ba ta taka matakalar soron ba. Ta dubi mahaifiyarta, ta ga yadda take kallonta, sai ta ce, "Zan yi, Farfesa."

Shekara biyar Nazeer ya yi a kan wannan bincike. Abin ya samo asali ne daga wata damina da ya je ƙauyen kakanninsa na wajen uwa, ya tarar masara ta yi ruwan ɗorawa tun ba ta kai gwiwa ba, don ba wanda ya samu takin zamani a kan lokaci. Ya dawo yana ta maimaita magana ɗaya a tsakar gida: wai kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kuma shi ne abin da shuka take kukan rashinsa. Manyan masana'antu kan kamo shi su mayar da shi amoniya, wadda da ita ake haɗa taki, amma sai sun ƙona gas mai yawa da zafi mai tsanani. Shi kuwa so yake rana ta yi aikin. Akwai wasu sinadarai da ake kira semikondakta, dangin abin da ake yin faifan sola da shi. In aka niƙa su gari aka zuba a ruwa, hasken rana ya dake su, sukan samu ƙarfin da za su fasa naitirojin ɗin su haɗa shi da wani sashe na ruwan, amoniya ta fito. Masana a ƙasashe da dama suna ta gwadawa, abin da suke samu ɗan kaɗan ne ƙwarai. Nazeer ya haɗa nasa garin, mai launin ruwan ƙwai, yana fatan ya ɗara nasu.

Shekara biyun farko a ɗakin gwajin jami'a ya yi su, ƙarƙashin wata fitila mai cin wuta, bai samu komai ba. Wuta ba ta zama, ga shi kuma aka shiga dogon yajin aiki aka rufe ko'ina. Sai ya kwaso kayansa ya hau da su soron gidansu, ya ce ranar Kano ta fi kowace fitila. Ya jera kwalabe masu faɗi guda shida a kan katako, ya haɗa ɗan famfon iska da faifan sola, famfon yana tura iska cikin ruwan tun hantsi har la'asar. Da yamma sai ya ɗebi ruwan ya ɗiga masa magungunan awo. In akwai amoniya, ruwan yakan juya shuɗi.

Ranar da ruwan ya fara juyawa, da gudu Nazeer ya sauko, ya kusa faɗuwa a matakala. Ya kai wa mahaifiyarsa kwalbar har gaban murhu.

"Inna, kin ga? Daga iska."

Tun daga ranar Hajiya 'Yardada ta riƙe abu ɗaya: shuɗi shi ne alheri. Duk wadda ta shigo gidan sai ta ji cewa ɗanta taki yake tatsa daga iska. Ita da kanta kiwo take yi tun rasuwar mahaifinsu, wanda tela ne. Takan sayi ƙananan raguna bayan kaka ta turke su a kusurwar tsakar gida, ta ciyar da su dusa da harawa, ta sayar gab da Babbar Sallah. Da su ta yi wa Bahijja kayan ɗaki, da su kuma aka sayi kwalaben Nazeer da famfonsa. Da aikin ya fara kyau sai ta ƙara yawansu. A wannan shekarar sha huɗu ne.

Rana ta uku ga Ƙaramar Sallah Nazeer ya tashi da ciwon kai. Kafin azahar wuyansa ya sanƙare. Kwana biyu ya yi a asibiti. Yana da shekara talatin da ɗaya, kullum aka yi masa maganar aure sai ya ce a bari ya gama tukuna.

Ranar Asabar da safe Bahijja ta hau soron. Ɗan ɗakin da ke sama yana nan yadda ya bar shi: tebur, kujerar roba, hularsa a rataye a ƙusa, kofin shayi da ya bushe a ciki. Littattafan aikinsa guda tara suna jere, rubutunsa ƙanana, Turanci da Hausa a cakuɗe. Ta tsaya ta ɗan daɗe a bakin ƙofa, sannan ta naɗe hannun riga ta fara wanke kwalabe.

Gwajin da aka nema ba mai wuya ba ne. Nazeer ya saba ajiye kwalba ɗaya mai garin a cikin ɗaki, a rufe, cikin duhu, don ya nuna cewa in ba rana ba a samun komai, kuma kullum ba ta yin shuɗi. Mutanen mujallar suka ce wannan bai isa ba. A zuba ruwa zalla, babu garin, a sa shi a rana tare da sauran, famfo ya hura masa iska kamar yadda yake hura musu. In garin ne yake aikin, wannan ruwa zai fito fari tas.

Ta cika uku da garin, uku da ruwa zalla. Ta kunna famfo, ta zauna a inuwar ɗakin tana kallon kumfa yana tashi. Da la'asar ta ɗebi ruwan kowace ta ɗiga magani, ta jira.

Duka shidan suka yi shuɗi.

Ta ɗaga su ta duba a haske. Ba wani bambanci tsakaninsu. Ta ce a ranta ruwan ne ba shi da kyau, ko kuwa kwalaben sun riƙe ragowar na da.

Da ta sauko, Hajiya tana zaune tana jiran ta.

"Ya yi shuɗi?"

"Ya yi, Inna."

"Alhamdu lillahi. Allah ya ji ƙanka, Nazeer."

Washegari Bahijja ta zo da tataccen ruwa daga wurin aikinta, wanda ta auna da hannunta ta tabbatar babu komai a ciki. Ta jiƙa kwalaben a asid, ta ɗauraye su sau biyar, ta sa safar hannu sabuwa. Da la'asar duka shidan suka sake yin shuɗi.

Ta zauna a kujerar robar. A wurin aikinta ta san irin ruwan da yake yin wannan launi: ruwan rijiyar da aka haƙa kusa da masai. Idan ba daga ruwan ba ne, ba kuma daga kwalba ba, saura iska. Ta tashi ta bi tiyon famfon da hannu. Ya bi gefen bango, ya haura katangar soron, ya sauka ta ɗaya ɓangaren kamar kamu biyu. Nazeer ya rataye bakinsa a can ne don nan ne inuwa, kada roba ta narke. Ta leƙa. Kai tsaye a ƙarƙashinsa turken raguna ne. Wani babban fari yana tsaye yana fitsari, ƙasar wurin ta yi baƙi ta jiƙe, zafin rana yana tayar da tururinta.

Sai a lokacin ta ji zarnin. A cikinsa aka haife su, a cikinsa suka girma. Ba wanda yake jin sa a gidan sai baƙo. Kuma ta san sarai abin da ke cikin zarni, don shi ma amoniya ne.

Ta koma ɗaki ta buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya. Shekara uku a jere, sakamakon yakan fara hawa a ƙarshen sanyi, ya kai ƙololuwa a tsakiyar bazara, sannan ya faɗi warwas a farkon damina. A gefen kowace faɗuwa Nazeer ya rubuta dalili: gajimare, hadari, rana ba ƙarfi. Ita kuwa da take karantawa sai lissafin watanni ya zo mata ta wata hanya. A waɗannan shekarun Babbar Sallah a farkon damina take faɗowa. Ana sayar da raguna, turke ya koma tumaki biyu kacal.

Saura gwaji ɗaya da zai raba gardama. Ranar Litinin ta nemi izini a wurin aiki, ta zo da wata kwalba mai baki biyu, ta zuba ruwan asid a ciki, ta sa ta tsakanin famfo da sauran kwalaben. Duk iskar da za ta shiga sai ta ratsa asid ɗin, shi kuma zai kame duk amoniyar da ta zo daga waje. Ta yi wannan kwana uku a jere. Kwana ukun nan ruwan ya fito fari, mai garin da marar garin. Ta kai samfurin wurin aikinta ta sa a na'ura. Abin da na'urar ta nuna ya yi ƙanƙantar da ba za a iya rantsuwa a kansa ba.

A ranar ta ukun ne ta kai littafi na tara, na ƙarshe. Rabinsa babu rubutu. A shafin da ya tsaya, ƙarƙashin kwanan watan ashirin da bakwai ga azumi, layi uku ne kawai:

"Bakin tiyo yana saman turke.
A gwada ruwa zalla bayan Sallah.
Allah ya sa ba haka ba ne."

Ta karanta sau biyu. Ta tuna ranar Sallah, da ya zo gidanta a Sheshe cikin sabuwar shadda, ya ci tuwo kaɗan, yana ta kallon bango. Ta tambaye shi ko lafiya, ya ce gajiyar azumi ce. Ashe da wannan yake yawo shi kaɗai. Ta kifa kai a kan teburin ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka ɗauke shi, tana toshe baki da mayafi don kada a ji a ƙasa.

Da yamma ta gaya wa mijinta Zaharaddeen, bayan ya dawo daga masallaci. Ya saurare ta har ta gama.

"Yanzu su masu mujallar, me suke so su gani?"

"Lamba ɗaya. In na rubuta cewa ruwa zalla bai nuna komai ba, shi ke nan, za su buga."

"Kuma ba wanda zai hau soron nan ya duba."

"Ba wanda zai hau."

Ya juya hularsa a hannu. "Ban ce ki yi ba. Tambaya na yi."

"Na sani. Ni ma tun ɗazu ita nake yi wa kaina." Ta share ido. "In aka buga, wani zai karanta a wata ƙasa ya ɓata shekara biyu yana neman abin da babu. Ranar da aka gane kuwa, sunan Yaya za a kira, ba nawa ba. Za a ce ƙarya ya yi. Shi kuma bai yi ƙarya ba, kuskure ya yi, har ya fara gano shi."

"To ki gaya wa malamarsa. Amma Inna, ki bar ta. Wannan ɗin ne kaɗai ya rage mata."

Washegari ta samu Farfesa Zaituna a ofis. Ta jera mata sakamakon a kan tebur, sannan ta buɗe mata shafin ƙarshe. Farfesa ta cire tabarau ta karanta, ta mayar ta sake karantawa. Ta daɗe tana kallon taga.

"Ranar da na zo gidanku, tun daga zaure na ji warin," in ji ta. "Har na sa hankici a hanci. Ban kawo komai a raina ba." Ta dafe goshi. "Shekara uku yana kawo mini lambobi, ina jin daɗinsu, ban taɓa cewa ya kai ni in ga wurin ba. Na karanta a rubuce-rubucen wasu cewa numfashin mutum ma yana iya ɓata irin wannan awo. Na sani, Bahijja. Ni ya kamata in tambaya."

"Yanzu yaya za a yi, Farfesa?"

"Za mu janye takardar."

"Digirin fa?"

"Ba zan iya kai maganar ba. Duk abin da za a ba shi a kansa, ga shi nan ya rushe." Ta rufe littafin a hankali, ta ɗora tafin hannu a kansa. "Wataƙila daga baya mu rubuta ɗan gajeren bayani, mu faɗi abin da ya faru don wasu su kiyaye. Ba shi ne abin da ya so ba."

Bahijja ta roƙe ta kada maganar ta kai kunnen mahaifiyarta. Farfesa ta yi alkawari.

Kwana goma Bahijja tana zuwa gida tana hawa soro kamar tana aiki, alhali zama kawai take yi. In ta sauko Hajiya ta tambaya, sai ta ce ana nan ana yi. Tun tana cewa "ya yi shuɗi?" har ta daina, ta koma bin 'yarta da ido kawai.

Saura mako guda Sallah, da la'asar sakaliya, Hajiya tana tsugune a bakin turke tana dama dusa a babban baho. Masu saye sun fara zuwa, raguna sun ragu zuwa tara. Bahijja ta zo za ta wuce, sai ta ji ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Na ga kin janye robar nan da take reto a nan sama."

"Eh, Inna. Na canja mata wuri."

"Me ya sa?"



Hajiya ta cire hannunta daga dusar, ta goge a gefen bahon. "Zo ki zauna." Bahijja ta jawo kujera 'yar tsugunno. "Ragunan nan ne?"

"Inna..."

"Ni na haife ki. Kwana goma kina saukowa da ido ja. Tambayarki nake, ragunan nan ne?"

"Wa ya gaya miki?"

"Shi." Ta juya ta kalli turken. "Cikin goman ƙarshe, bayan an sha ruwa, ya same ni a nan. Ya ce, Inna, da za ki yarda a kai ragunan nan gidan Kawu Isiyaku a Ƙofar Mazugal, wata biyu kawai. Na ce masa rago in ya kama ƙiba aka canja masa wuri ramewa yake, kuma wa zai tsaya musu a can kamar ni? Na ce ya bari a yi Babbar Sallah, duk za su tafi. Har na yi masa tsiya, na ce ko don ya kusa zama dakta ne ya fara jin warin gidan ubansa. Ya yi dariya. Ya ce, to Inna, Allah ya kai mu. Bai ƙara tayar da maganar ba."

Ɗaya daga cikin ragunan ya miƙo wuya yana jan igiya wajen bahon. Ba ta kula shi ba.

"Yi mini bayani yadda zan gane."

Bahijja ta yi mata. Ta ce abin da Yaya yake nema a iska, akwai irinsa a fitsarin dabba. Zafi yana tayar da shi sama, famfon yana zuƙa yana kaiwa cikin kwalabe. Shuɗin da ake gani gaskiya ne, amma ba garin ne ya yi shi ba.

"Duka? Tun na farkon, wanda ya kawo mini gaban murhu?"

"Ina jin duka, Inna."

Hajiya ta gyaɗa kai a hankali. "Shekara uku ke nan yarona yana murna da fitsarin ragunana."

"Ba laifinki ba ne. Wallahi ba laifinki ba ne. Ko babu su, garin ba zai ba da abin da yake so ba. Ba su ɓata masa aiki ba."

"Sun ɓata masa shekara uku. Da tun farko ya ga fari, da ya sake wani garin. Ko ya haƙura ya kama koyarwa, ya yi aure, yau da ina da abin ɗauka." Muryarta ba ta tashi ba. "Ni kuwa ina ganin shuɗi ina ƙaro raguna, wai ina taimakonsa."

Bahijja ta kama hannunta, da sauran dusa a jiki. Suka zauna haka har aka kira magariba. Hajiya ce ta fara tashi, ta tura wa ragunan bahon, ta tafi alwala.

Kafin jajibere duk an sayar da ragunan. Bayan Sallah da kwana biyu Hajiya ta aika da tumakin nan biyu da ba ta taɓa rabuwa da su ba gidan ƙaninta Isiyaku. Ta sa aka kira masu aiki suka haƙe ƙasar turken har kusan gwiwa, suka kwashe a baro suka fitar, aka zuba sabon yashi. Aka cire turakun. Maƙwabta suka yi ta tambaya ko ta daina kiwo ne, ta ce hutawa take yi.

Bahijja ta ce mata, "Inna, yanzu ai ba amfani. An riga an janye takardar. Ki dawo da tumakinki, ko motsinsu kya riƙa ji."

"Wata biyu ya nema," in ji Hajiya.

Gidan ya yi tsit. Da asuba takan fito bisa sabo ta nufi kusurwar, sai ta tsaya a tsakiyar tsakar gida, ta juya ta koma ɗaki. Ta rame. Bahijja ta riƙa kawo mata abinci daga Sheshe, tana ci kaɗan ta ture.

Ranar da wata biyu suka cika, damina ta yi nisa, sama kullum a lulluɓe. Sai da suka ƙara kwana huɗu kafin gari ya waye tas. Da sassafe Hajiya ta buga wa Bahijja waya.

"Yau akwai rana. Zo ki yi masa gwajinsa."

Bahijja ta zo ta haɗa komai kamar yadda Nazeer yake haɗawa, ba ta sa kwalbar asid ba, ta mayar da bakin tiyon inda ya saba rataye shi. Uku da garin, uku ruwa zalla. Wajen azahar ta ji motsi a matakala. Ta leƙa ta ga mahaifiyarta tana hawowa, hannu ɗaya a bango, ɗaya a gwiwa, tana hutawa a kowace taka ta uku. Ta fi shekara goma ba ta hau soron ba saboda ciwon ƙafa. Bahijja ta sauka ta tallafe ta, ta shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar ɗakin.

Hajiya ta zauna tana haki. Ta dubi kwalaben da kumfan da ke tashi a cikinsu, ta dubi tebur da littattafai.

"Nan yake wuni?"

"Nan, Inna."

"Cikin wannan zafin."

A nan suka yi azahar. Da la'asar Bahijja ta kashe famfo, ta ɗebi ruwan cikin ƙananan kwalabe shida, ta ɗiga magani, ta jera su a kan farar takarda a gaban mahaifiyarta. Suka jira rabin sa'a.

Ukun ruwa zalla suka tsaya fari. Cikin ukun masu garin, biyu fari ne. Ta ukun, in an karkata ta an duba da kyau, kamar akwai ɗan duhu-duhu a ciki, wanda bai kai a kira shi shuɗi ba.

Hajiya ta ɗauke ta, ta ɗaga ta saitin ido, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan fa? Nasa ne?"

Bahijja ta so ta ce eh.

"Ban sani ba, Inna. Yana iya zama garinsa ne ya yi. Yana iya zama awakin maƙwabta, ko hannuna. Ya yi kaɗan da yawa, ba zan iya cewa ba."

Hajiya ta ajiye kwalbar a hankali a inda ta ɗauke ta.

"To rubuta masa haka. A littafinsa, ƙarƙashin inda ya tsaya. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Bahijja ta ɗauko biro ta rubuta kwanan wata, da yanayin rana, da abin da kowace kwalba ta nuna. Ta karanta mata da Hausa. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta yi wa ɗanta addu'a a hankali, ta shafa.

Iska ta fara kaɗawa daga gabas, hadari yana haɗowa ta can bayan gari. Bahijja ta kwashe kwalaben ta shigar ɗaki, ta kife faifan sola, ta ja ƙofar. Saukowa ta fi hawa wuya. Ta shiga gaba, mahaifiyarta ta dafa kafaɗarta da hannu biyu, suna taka ɗaya su tsaya. Kafin su kai ƙasa an fara yayyafi.